Kwalkwalin Kakana da Na Sayar Naira Ashirin

A ɗakin da nake ajiye littattafaina a Kusada akwai wani katako da na sa kafinta ya kafa mani a jikin bango. Bisa katakon nan kwalkwali huɗu ne a jere, kowanne na kifa shi a kan ƙwarya don kada ya lotse. Duk baƙon da ya shigo, a kansu idonsa yake fara sauka kafin ya lura da littattafan, kuma tambayar da ake yi mani ba ta wuce ɗaya: "Malam, gado ka yi?" Nakan yi murmushi in kawar da zancen. Gaskiyar magana ita ce na yi gado, amma wanda na gada ba ya cikin huɗun nan. Shi da hannuna na sayar da shi, naira ashirin, ina ɗan shekara goma sha shida. Waɗannan na mutane ne. Na tara su ne ina neman cike wani gurbi, na kuma ɗauki shekaru masu yawa kafin in gane cewa hanyar da na bi ba ta da nisa da ta mutumin da ya saye na kakana.

Ya kamata in fara da bayani saboda ɗalibanmu na yanzu, waɗanda in an ce hular kare kai ba abin da zai faɗo masu a rai sai hular kwano ta masu babur da sojoji. Kwalkwali shi ne hular yaƙin mahayin Hausa, musamman 'yan lifida, wato mahayan da ke kewaye sarki su zame mashi garkuwa. Su da dawakansu ana lulluɓe su da lifidi, wata rigar kariya mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke ta layi-layi, yadda kibiya in ta zo sai ta maƙale ba ta kai ga nama ba. Kwalkwalin shi ma haka ake yin cikinsa: tsumma ne da auduga ake dannewa a ɗinke har ya yi tauri, a rufe shi da kyalle mai launi, sau da yawa ja, a ƙawata shi da faranti-faranti na tagulla ko farin ƙarfe. A ƙololuwa akwai ɗan bututun ƙarfe inda ake cusa gashin jimina, a ƙasa kuma maɗauri da ke zagaye haɓa. Hannu uku ne aƙalla ke haɗuwa kafin a samu guda: na maɗinki, da na maƙerin fari, da na baduku. Wanda ya taɓa tsayawa a filin Kangiwa ranar hawan Salla a Katsina ya ga yadda gashin jiminar nan ke rausaya bisa kawunan mahaya tun daga nesa, kafin ma kunne ya rarrabe kakaki da algaita.

Kakana na wajen uba ɗan lifida ne. Ya yi samartakarsa cikin mahayan fada a ƙarshen zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya kuma taɓa zamanin Sarki Usman Nagogo kafin ya dawo gida ya rungumi noma. Bai dawo da doki ba, bai dawo da lifidi ba. Abin da ya dawo da shi kwalkwali ne guda, wanda ya ce ubangidansa da ya koya mashi hawa ne ya ba shi, shi kuwa ubangidan ya sa shi a fagen fama tun kafin zuwan Turawa. A gefen hagu akwai wani tabo inda tagullar ta lotsa ciki. Kakana yakan ɗora yatsa a wurin ya ce saran takobi ne, ya faɗi sunan wurin da aka yi karon, da sunan dokin, da wanda ya kai saran. Ni kuwa a lokacin hankalina yana wajen ƙwallo. Na ji labarin ya fi sau goma, amma yau ko suna ɗaya daga ciki ban riƙe ba. Wannan ita ce asara ta farko, kuma ta riga cinikin faruwa.

Bayan rasuwarsa da kamar shekara guda, muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, don sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, wani dillali ya riƙa zagaya garuruwanmu da buhu a bayan babur yana cigiyar tsofaffin kaya: tasoshin tagulla, da takubba, da likkafa, da mundaye. Na san inda kwalkwalin yake, cikin wata tsohuwar adudu a ƙarƙashin gadon kakata. Na ɗauko shi a ɓoye cikin riga. Mutumin ya jujjuya shi, ya taɓe baki, ya ce ai tsumma ne, tagullar kawai zai ɓamɓare. Ya miƙo mani naira ashirin, na karɓa hannuna na rawa don murna. Agogon hannu na saya, wanda bai yi wata shida yana aiki ba.

Kakata ta gano bayan kwana uku. Ita da ba ta kirana da wani suna sai "maigidana", saboda wasan jika da kaka, ranar sunana na yanka ta kira. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma kai ƙara wajen mahaifina ba. Cewa ta yi, "Ɗan nan, da ka tambaye ni kuɗin agogo da na sayar da akuya na ba ka. Akuya tana haihuwa. Wannan kuwa kan kakanka ka sayar." Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Mahaliccinta. Da dukana ta sa aka yi, da tuni na manta.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai na fara karanta tarihi sannan na fahimci nauyin abin da na fitar daga gidanmu. A Tarihin Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara zuwa Ingilishi ya buga a 1908, an ce Sarkin Kano Kanajeji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne farkon sarkin Hausa da ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙi. Ashe abin da dillali ya kira tsumma yana da asali na fiye da shekara ɗari shida a ƙasar nan. Turawan farko da suka ratso ƙasashenmu ma abin ya ɗauki hankalinsu. A littafin tafiyar Denham da Clapperton da aka buga a 1826 akwai zanen mai tsaron Shehun Borno cikin sulke, da na wani mahayin Bagarmi cikin lifidi shi da dokinsa. Clapperton, da ya dawo karo na biyu ya tarar da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙi da Gobirawa, ya ba da labarin 'yan lifida da hulunansu masu gashi a sama, ya ce nauyin kayan ya kai sai an ɗaga mahayi an ɗora shi bisa doki. A nan yankinmu kuwa, ƙarni na goma sha tara kusan duka ya tafi ne cikin kai-komon yaƙi tsakanin Katsina da Maraɗi, inda sarakunan Haɓe suka kafa sabon zama bayan jihadi. Sunan Ɗanbaskore har yau bai ɓace daga bakin tsofaffi ba. Ina kyautata zaton a cikin irin waɗannan karon ne kwalkwalinmu ya samu tabonsa, amma zato ne kawai, domin mai labarin ya faɗa mani ban saurara ba.

Lifidi yana da lagonsa. Auduga ce, saboda haka wuta ce babbar abokiyar gabarsa, kuma maharba sun san haka. Amma abin da ya kawo ƙarshensa a fagen fama bindiga ce mai aman harsashi. A 1903 Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, Katsina kuma ta karɓi Turawa ba tare da an gwabza ba. Daga nan kwalkwali ya tashi daga kayan yaƙi ya koma kayan ado. Ya fito a hawan da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da na bikin FESTAC a 1977, ga kuma hawan Salla na kowace shekara. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye. Mun yi murna, kuma ya cancanci murna. Sai dai na tambayi kaina: a cikin kwalkwalin da ke fitowa hawa yau, nawa ne suka girmi mahayansu? Tsofaffin ina suka tafi?

Wasu gara ta cinye su, wasu gobara, wasu ɗigar ɗaki. Amma da yawa buhun dillali suka bi, kamar namu. A ƙasashen Turai tara hulunan dakarun da ke tsaron sarakuna sana'a ce mai zaman kanta, da kasuwarta da masananta. Ana gwanjon hulunan masu tsaron sarakunan Jamus na da, masu siffar gaggafa a ƙololuwa, da na mahayan fadar Ingila masu jelar gashi fari ko ja. Masu tsaron Fafaroma a Batikan, rundunar da aka kafa tun 1506, har yau da gashin jimina suke ƙawata hulunansu, kamar dai 'yan lifidarmu. Abin da na lura da shi a wannan kasuwa shi ne, abin da ke ɗaga darajar hula a wajensu ba ƙarfenta ba ne. Takarda ce: wace runduna, wace shekara, wane maƙeri, wane soja, daga hannun wa zuwa hannun wa. Hular da ta rasa wannan bayani farashinta faɗuwa yake yi, don jabu sun cika kasuwa. Namu kuwa in ya isa can, iyakar abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa shi ne: hular mahayi, Arewacin Nijeriya. Ba sunan gari, ba na gida, ba na mai shi. Takardarmu a bakin tsofaffi take, kuma dillali ba ya sayen baki.

Da na fara aikin koyarwa na samu ɗan abin hannu, sai na ɗaura niyyar neman kwalkwalin kakana. Na bi masu sayar da kayan gargajiya a kasuwar Kurmi ta Kano ina duba kowane kwalkwali ta gefen hagu. Ban same shi ba, kuma yanzu na san ba zan same shi ba. Amma neman ya koya mani ido. Na iya rarrabe ɗinkin hannu da na keke, da zaren da aka kaɗa da mazari da na kanti. Na san tsohon kwalkwali cikinsa saƙi ne da audugar rimi, na yanzu kuwa sau da yawa soso ne da kwali, adonsa gwangwani. Na san wanda aka turara da hayaƙi ko aka binne kwana biyu don ya yi kama da tsoho. Tsoho na gaske yana da wani baƙi-baƙi a bakin goshi inda gumin mutum ya shiga ya zauna, wanda ba a iya ƙirƙirarsa. Daga neman guda ɗaya sai na koma mai tarawa. Na sayi na farko a Kano, na biyu a hannun wani mai gyaran sirdi. Na gaya wa kaina cewa ceto nake yi, kowanne na saya na tsare shi daga ƙetare teku. Ina shanya su a inuwa bayan damina, ina zuba busasshen ganyen bedi a kewayensu saboda ƙwari, ba na bari yaro ya taɓa.

Na ukun shi ne ya tona mani asirin kaina. Wani abokin aikina ya ba ni labarin wata tsohuwa a wani ƙauye da ke kusa da hanyar Yashe, wadda mijinta ya rasu ya bar kwalkwali. Na je na same ta cikin bazara, rumbu ya yi ƙasa, ga jikanta kwance ba lafiya. Ta fito da shi naɗe cikin tsohon zane. Da na gan shi sai da gabana ya faɗi, don ya fi duk waɗanda na taɓa gani kyau. Na ce, "Inna, nawa za ki sallama?" Ta ce, "Malam, ni ban san kuɗinsa ba, abin da ka ga ya dace." Na ba ta abin da ya fi ƙarfin tsammaninta, amma ni na san bai kai rabin abin da zan biya a Kano ba. Ta yi ta sa mani albarka. Na ɗaure shi a bayan babur na kamo hanya ina jin daɗi, ban ko tambaye ta sunan mijin nata ba, balle inda ya samo shi. Ban ga kamannin da ke tsakanina da mutumin da ya ba ni naira ashirin ba. Shi ma babur gare shi.

Bayan shekara shida, ana saura kwana biyar Babbar Salla, wani saurayi ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce shi ne yaron da na tarar kwance. Kakarsa ta rasu. Ya samu shiga cikin mahayan da za su raka hakimi hawa, an ara mashi doki da kayansa, kuma kafin ta rasu ta gaya mashi inda kwalkwalin kakansa yake. Ya ce, "Baba, ba cewa na yi a mayar mani ba, na san saye ka yi. Aro nake roƙo, na yini ɗaya."

Na hana shi. Na kawo mashi hujjoji irin na masu ilimi: kayan ya tsufa, zare ya ruɓe, rana da ƙura da gumi za su lalata shi, in doki ya yi tuntuɓe shi ke nan. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ya saurara har na gama, ya ce, "Haka ne, Baba. Allah Ya huci zuciyarka." Ya tashi zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin yana kallon katakon, ya nuna da yatsa ya ce wancan ne, na tsakiya, ga inda kakarsa ta sake ɗinke maɗaurin da jan zare a shekarar da aka haifi mahaifinsa. Shekara shida kwalkwalin yana ɗakina, ina share shi, ina nuna wa baƙi, ban taɓa sanin dalilin jan zaren nan ba. A tsaye a wurin ya faɗa mani sunan kakansa, da gidan da ya yi wa barantaka, da sunan wanda ya ƙera tagullar.

Daren nan ban yi barci ba. Maganar kakata ce ta dawo mani: kan kakanka ka sayar. Na ga cewa abin da na ajiye bisa katako rabin kwalkwali ne, ɗaya rabin kuwa shi ne ya zo har ƙofar gidana ya durƙusa na kore shi. Da asuba na hau babur na kai mashi. Ya hau da shi ranar Salla. Na tsaya cikin taro ina kallo, kuma ba zan ɓoye ba, duk sukuwar da ya yi sai na ji kamar a ƙirjina dokin ke taka ƙafa. Da ya dawo da shi washegari, gashin jimina ɗaya ya karye, ɗinki ya buɗe ta baya kamar tsawon ɗan yatsa. Abin da na ji tsoro ya faru. Amma tsofaffi biyu a wajen hawan sun gane kwalkwalin, sun kira yaron da sunan kakansa, ɗaya har ya ƙara mashi labarin da shi ma bai sani ba. Na auna asarar da ribar, na rubuta duka biyun a littafi.

Ba ina cewa a kwashe duk tsofaffin kaya a fita da su rana ba ne. Akwai wanda ya tsufa har bai kamata a ɗora shi a kai ba, kuma hujjojin da na kawo wa yaron nan ba su zama ƙarya don na sauya ra'ayi ba. Mai cewa gidan tarihi ne ya fi dacewa da irin waɗannan kaya yana da gaskiyarsa: gidan gado yana rabuwa, magada suna saɓawa, talauci yana ƙwanƙwasa ƙofa, kuma shekarun da aka dakatar da hawa, saboda annobar korona a 2020 da kuma matsalar tsaro, sun nuna mana cewa al'adar da ake taƙama da ita tana iya tsayawa cik. In hawa ya tsaya, kayan hawa su ne farkon abin da ake kaiwa kasuwa. Abin da nake cewa shi ne, duk inda kwalkwali zai zauna, ko fada, ko gidan tarihi, ko ɗakin malamin makaranta irina, kada a raba shi da sunan kan da ya ɗauke shi, kada kuma a rufe ƙofa ga zuriyar mai shi.

Akwai wani abin da na gano a makare, wanda ya kamata duk mai sha'awar tara irin waɗannan kaya ya sani. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ba fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba kaɗai ta hana. Ta hana saye da sayar da su a cikin gida ma, sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi. Kuma a ma'anar dokar, aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko mai muhimmancin tarihi da aka yi amfani da shi a bikin gargajiya, ya shiga cikin kayan tarihi. Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi, don na ga ba dillalin nan kaɗai dokar ke nuna wa yatsa ba. Tun daga ranar ban sake sayen ko ɗaya ba. Na huɗun da ke bisa katakon ba saye na yi ba. Wani dattijo ne ya kawo mani ajiya da kansa, saboda 'ya'yansa duk suna birni, ya zauna ya ba ni labarinsa na rubuta shafi uku, ya sa hannu, muka yi sharaɗin cewa duk ranar da wani daga zuriyarsa ya zo nema, nasa ne. Na ukun ma haka muka yi da saurayin nan: yana wurina ne don ɗakina ba ya ɗiga, amma na daina kiransa nawa. Biyun farko su ne marayu. Ba wanda ya san iyayen gidansu, kuma niyyata in miƙa su ga gidan tarihi.

Muna ta kiran Turawa su dawo mana da kayanmu, kuma kira ne na gaskiya. Kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897 sun fara dawowa, Jamus ta miƙo wasu a 2022. Amma waɗancan da ƙarfin bindiga aka ɗauke su. Namu na nan yankin, da yawa mu muka miƙa da hannunmu, a kan kuɗin agogo ko kuɗin magani. Wanda ya sayar don magani ba na ganin laifinsa. Laifin yana kanmu da muka yi karatu, muka san darajar abin, amma ba mu tanadi wata hanya da tsohuwa za ta bi ba in ba ta dillali ba.

Saboda haka ina da roƙo, kuma ba mai tsada ba ne. Ga masarautar Katsina da hakimanta: a sa a ƙidaya tsofaffin kayan hawa da ke gidajen sarauta da gidajen barori, a ɗauki hotonsu, a rubuta na wane ne, ba don a karɓe ba, don a sani. Ga gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, da na Gidan Makama a Kano: a buɗe hanyar ajiya wadda iyali za su kawo kayansu da sunansu a rubuce, su kuma iya zuwa su gani ba tare da sun ji kamar sun yi bara ba. Ga malaman tarihi na jami'o'inmu da kwalejojinmu: ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu a kan kwalkwali guda ɗaya na garinsu, ya bi sawunsa daga maƙeri zuwa mahayi, ya fi mana amfani da wanda zai kwafo abin da aka riga aka rubuta sau ɗari. Ga ɗalibai kuwa, ku ne kuka fi kowa sauƙin aiki. Wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. In akwai adudu a ƙarƙashin gadon kakarku, kada ku fara da tambayar nawa zai yi. Ku zauna ku ce, "Kaka, wannan na wane ne?" Ku bari ta yi magana har ta gaji. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda aka ajiye ta.

Ni dai na rasa nawa. Wataƙila an ɓamɓare tagullar an narkar, kamar yadda mutumin ya ce. Wataƙila kuma yana can cikin akwatin gilashi a wata ƙasa mai sanyi, mutane suna wucewa suna kallon tabon da ke gefen hagu ba su san komai a kansa ba. Ba na jin haushinsu, don ni da aka faɗa mani sau goma ma ban sani ba. A ƙarshen katakon nan na bar ƙwarya ɗaya a kife ba komai a kanta. Jikokina sukan tambaye ni ta mece ce, ni kuma nakan zaunar da su in ba su labarin tun daga farko, har da naira ashirin ɗin. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari.